Fedar da Ba Ta Kiɗa

Nu'man bai taɓa iya kaɗa jita ba. Gidansu gidan fatauci ne, ubansa da kakansa sun ƙare rayuwarsu suna kai albasa da wake Ƙonni ta Nijar su dawo da dabino, amma shi tun yana ƙarami hannunsa ya fi son cikin rediyo. Da ya girma sai ya buɗe shago a bakin hanyar kasuwar Illela, yana gyaran amfilifaya da lasifikar masallatai da na makarantun Islamiyya. Da wannan aikin aka san shi, da shi ya yi aure, da shi yake ciyar da matarsa Ummul Khairi da 'yarsu Sharifa.

Bashar ne ya ja shi cikin harkar feda. Bashar mutumin Ƙonni ne, makaɗin jita mai yawon biki har Tawa da Madawa, dogo, mai yawan dariya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Feda kuwa ɗan akwatin ƙarfe ne da makaɗi ke ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya. In ya taka ta da ƙafa sai muryar jitar ta sauya, ko ta yi gurnani, ko ta riƙa maimaita kanta kamar wanda ya yi kira a cikin rijiya. Bashar yana sayen na ƙasashen waje a Yamai, kuma ba sa jimawa a hannunsa. Rairayi ne ke kashe su. Wata rana ya zazzage matattun fedoji a kan teburin Nu'man daga cikin buhu.

"Waɗanga abubuwa ba don mu anka yi su ba," in ji shi. "Don masu kiɗa bisa katako cikin ɗaki anka yi su. Ni bisa tabarma nake, ƙasa na tashi, mata na rawa. Ana tsakiyar waƙa in taka, shiru. Kuma dubi ɗan maɓallin, kamar kan ƙusa. In na tuɓe takalmi sai ya soke ni."

Nu'man ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu bai ba shi tsoro ba, duk abin da ke ciki ya saba gani. Makunnin ne rauninsu, wato wurin da ake takawa. Abin ya shiga ransa, ya kwashe rani guda yana gwaji. Ya je wurin Baba Abu, tsohon da ke zuba tukwanen alminiyam a bayan karar shanu, suka zauna a inuwa suna zane a ƙasa har suka fitar da kwano mai faɗin tafin hannu, marar kaifi, wanda ƙafa ba takalmi za ta taka ba ta ji komai ba. Nu'man ya sa masa sifirin birkin babur, ya toshe duk wata kafa da robar tif. Da ya gama ta farko ya binne ta a tsakar gida, ya kwara mata ruwa, ya ce Sharifa ta yi ta tsalle a kai. Aka tono ta, aka jona, ta yi aiki kamar ba a taɓa ta ba.

Bashar ya kusa zaucewa don murna. A wani biki ya binne fedar a gaban jama'a, ya taka ƙasar, jita ta yi ruri, mutane suka ɗauki sowa. Wani ya ɗauka a waya, bidiyon ya yi ta yawo, da muryar Bashar yana faɗin sunan Nu'man da inda shagonsa yake. Makaɗa suka fara aikowa daga nesa. Nu'man ya kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga, kuma duk wanda ya shigo shago sai ya nuna masa.

Ran wata Lahadi, kasuwa ta cika, shanu da manyan motoci sun toshe hanya, wani mutum ya yi sallama a ƙofar shago. Fari ne siriri, da tsabtatacciyar jallabiya ruwan toka, ya bar takalmansa a waje ko da yake ba wanda ke tuɓe takalmi a shagon. Ya ce sunansa Sufyanu. Hausarsa ba ta nan ba ce, ba kuma ta Ƙonni ba, Nu'man ya kasa gane inda ta fito. Ya gaisa a natse, ya tambayi iyali, sannan ya ciro wani abu daga jaka ya ajiye a tebur.

Fedar Bashar ce. Nu'man ya gane ta da ƙonuwar dalma da ke gefenta.

"Mi ya same ta?"

"Lafiyarta lau," in ji baƙon. "Aikinka yana da kyau, malam. Irinta muke so."

"Mai gurnani ko mai amsa-kuwwa?"

"Ba ma buƙatar muryar. Ka bar cikin fanko. Wurin takawar kawai."

Nu'man ya ɗan yi dariya, yana zaton mutumin bai san harkar ba. Ya ce feda ba kayan murya ai kwano ce kawai. Ya nuna masa ramukan da wayar jita ke shiga ta fita, da 'yar fitilar da ke nuna wa makaɗi ta kama.

"Ban da ramukan. Ban da fitila. Waya ɗaya doguwa ta fito daga ciki, shi ke nan. Kada ka sa mata wannan jan fenti, ka bar ta kalar ƙasa." Ya ɗora yatsa a kan kwanon ya danna, ya yi ƙas. "Kuma wannan ya yi laushi. Ko akuya ta taka zai kama. A sa mai ƙarfi, wanda sai abu mai nauyi sosai."

"Kamar mi?"

Mutumin ya dube shi, ya juya ya kalli hanya. A waje wata babbar mota ta wuce a hankali, kwalaben dalma suka yi ta kaɗawa a kan tebur. Nu'man ya bi motar da ido. Ya tuna hirar da direbobi ke yi ƙasa-ƙasa a tasha, ta hanyoyin daji da aka daina bi saboda nakiyoyin da ake binnewa a cikinsu, da mutanen da suka zo suka zauna a wasu ƙauyuka suna hana kiɗa da biki, suna karɓar shanu.

"Guda nawa?" ya ji bakinsa ya tambaya.

"Duk abin da hannunka ya iya. Za mu riƙa zuwa muna ɗauka."

Nu'man ya ce kayan aiki sun yi wuya, sifirin sai an aiko daga Kano, kuma akwai amfilifayar masallatai da ke jiransa. Baƙon ya gyaɗa kai kamar mai tausaya masa. Ya mayar da fedar cikin jaka, ya ciro ƙullin dabino a leda ya ajiye inda ta tashi.

"Ba gaggawa. Zan leƙo ran kasuwa. Wannan na Sharifa ne. Na gan ta da safe za ta Islamiyya, da koren hijabi. Yarinya mai natsuwa, Allah ya raya ta."

Ya sa takalmansa ya shige cikin jama'a. Nu'man ya fito ƙofa ya duba dama da hagu, bai ga ko ƙeyarsa ba.

Ya kira Bashar, wayar a kashe. Ya yi ta kira har washegari, sannan ya hau babur ya tsallaka Ƙonni. Ya same shi kwance a zauren gidansu da rana tsaka, hannun dama naɗe da tsumma. Bashar bai yi dariya ba da ya gan shi, bai ma tashi zaune ba.

"Sun zo maka ke nan," ya ce.

Sannan ya ba shi labari. Suna dawowa daga biki a wani ƙauye aka tare motarsu a daji. Aka sauke su, aka farfasa jitoci da ganguna a gabansu, aka sa makaɗa suka shimfiɗa hannu a kan dutse. Ana cikin zubar da kaya fedar ta faɗo. Wani daga cikinsu, mai tsabtar tufafi, ya hana a fasa ta. Ya ce ya san ta, ya gan ta a waya. Ya tura ta cikin rairayi da ƙafa, ya taka, ya saurara, ya sake takawa.

"Ban faɗi komi ba, wallahi. Ba su ma tambaye ni ba. Ni da bakina na faɗi sunanka cikin bidiyo, duniya duk ta ji." Ya ɗaga hannun da aka naɗe ya dube shi. "Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasa ba. Ka tashi daga garin nan, Nu'man."

Da ya dawo gida ya tarar da Ummul Khairi tana tankaɗe a tsakar gida. Tun jiya ta ga dabinon a cikin kwandon shara, ba ta ce komai ba. Yanzu ta ajiye rariya ta dube shi.

"Baban Sharifa, tun jiya ba ka ci abincin kirki ba. Mi ke faruwa?"

Ya zauna a kan turmi ya gaya mata duka. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, sai da ya kai kan koren hijabi ta miƙe ta leƙa ɗaki inda yarinyar ke barcin rana, ta dawo.

"To mi ka yanke?"

"Na yi tunanin in yi musu wanda ba ya aiki."

"Su gwada su ga ba ya aiki, su dawo. Sannan fa?"

"Ko in yi musu kaɗan, su rabu da mu."

Ta daɗe tana kallonsa, har ya sunkuyar da kai. "Ƙanena direba ne," ta ce. "Ƙanenka ma yana bin motocin albasa. Wa kake so ya taka?"

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da magana.

"Kuma irin mutanen ga ba su rabuwa da mutum. In ka yi ɗaya ka zama nasu. Yayana na Sakkwato yana da ɗaki a bayan gida. Mu tafi kamar za mu suna. Kada mu ɗauki katifa, kada mu yi sallama da kowa."

Akwai mutum ɗaya da Nu'man ya san dole ya yi wa sallama. Ya sami Baba Abu a maƙerarsa yana fasa tsofaffin gwangwanaye zai narka. Ya tsuguna kusa da shi ya yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa, ya roƙe shi ya farfasa zubin fedar, wato abin da yake zuba kwanonin a ciki, ya kuma bar gari ko na ɗan lokaci ne.

Tsohon ya ɗauko zubin daga kan rumfa, ya buga shi da ƙasa, ya tattake. Kwanonin da suka rage ya jefa su cikin tukunyar narki, suka tsaya suna kallo har suka zama ruwa.

"Wannan an gama," ya ce. "Amma tashi, ina za ni? Nan anka haife ni, nan wutata take. Ni tukunya nake zubawa, ɗana. Wa zai kula da tsoho mai tukunya?"

"Baba, suna da guda a hannu. Duk wanda ya dube ta ya san zubin Illela ne."

"To Allah na nan. Tafi ka kai ɗiyarka."

Kafin Lahadi ta zagayo suka bar gari da hantsi, cikin motar haya, da jaka ɗaya da kwanon cincin a cinyar Ummul Khairi don masu tambaya. Nu'man ya bar shagon yadda yake, da amfilifayar mutane a ciki, ya ba maƙwabcinsa mai shayi makulli ya ce kowa ya zo a ba shi kayansa. A Sakkwato surukinsa ya haɗa shi da wani jami'in tsaro da ya yarda da shi, suka gana a cikin mota a bakin wani masallaci. Jami'in ya saurara da kyau, ya yi tambayoyi a kan kamannin mutumin, ya ce za a bincika. Ya kuma ce kada ya gaya wa kowa sun haɗu, har abokan aikin shi jami'in.

Nu'man ya samu gefen shagon wani yana gyaran waya. Mai shayi ya kira shi ya ce baƙon ya zo ran kasuwa, ya zauna a benci gaban rufaffen shago tun hantsi har la'asar, ya sha shayi, ya biya wa duk wanda ke wurin, bai tambayi kowa komai ba. Lahadi ta gaba ma ya zo. Daga nan ba a sake ganinsa ba. Ummul Khairi ta ce alhamdu lillahi. Nu'man ya so ya ji sanyi a ransa, bai ji ba. Makaɗa suna ta kiransa daga Nijar suna neman feda, yana cewa ya daina, daga baya ya sauya lamba.

Damina ta faɗi, ta yi nisa. Sannan labari ya zo cewa Baba Abu ya ɗauki tukwane a amalanke zai kai wata kasuwar ƙauye, jakin ya dawo shi kaɗai. Ba wanda ya kira iyalinsa ya nemi wani abu. Aka yi ta addu'a, aka yi ta cigiya. Nu'man ya daina iya riƙe ƙarfen dalma. Sai bayan an fara yankan gero aka tsinci tsohon zaune a gindin wata bishiya a bakin hanya, da ransa, ba takalmi.

Ummul Khairi ba ta so ya je ba, amma ba ta hana shi ba. Ya shiga Illela da azahar ranar da ba kasuwa, ya naɗe fuska da rawani, bai bi ta gaban shagonsa ba. Maƙerar a rufe take, tokar murhu ta jiƙe ta daskare. Ya sami Baba Abu a zaure kan buzu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan hannayensa duk tabon ƙuna ne sababbi, shi da ya shekara hamsin yana zuba ƙarfe ba tabo.

Suka gaisa. Nu'man ya fara ba shi haƙuri, tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Ba kai ka ɗauke ni ba."

Wata jikar tsohon ta kawo ruwa ta koma.

"Na zuba musu," in ji Baba Abu, yana kallon bango. "Da fari na ƙi. Sannan na zuba. Ba ni son ka tambaye ni abin da ke tsakani."

"Da yawa?"

"Ban ƙirga ba. Kwanon kawai na yi. Na ce musu cikin ba aikina ba ne, ban san yadda kake haɗa shi ba, kuma gaskiya na faɗa. Sun buɗe fedarka sun baje ta bisa tabarma, wani yaro mai gilashi yana ta juya sifirin. Cikin waɗanda sunka haɗa, wasu sun kama, wasu ba su kama ba. Rairayi na shiga." Ya juyo ya dube shi a karon farko. "Shi mai jallabiyar bai yi fushi ba. Ya ce ba komi, mai abin yana Sakkwato, unguwar da ke bayan tashar mota, yana gyaran waya. Ya ce in na gan ka in gaishe ka."

Nu'man ya sunkuya. Ya dafa ƙasa.

"Don wannan sunka sake ni, ina zato," in ji tsohon. "Don in kawo gaisuwa. To na kawo. Tashi ka tafi tun da rana."

A bakin tasha ya kira Ummul Khairi. Ya ce ta je ta ɗauko Sharifa daga makaranta yanzu, kada ta jira a tashi, ta haɗa jakar nan. Ta tambaye shi ina za su kuma. Ya ce bai sani ba tukuna, Kano ko gaba da Kano, in ya iso za su yi magana. Ya kira lambar jami'in nan, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ya tura masa saƙo.

Motar da ya samu tsohuwa ce, an cusa mutum huɗu a baya, shi yana gefen taga. Fasinjoji suna hirar farashin gero da ruwan da aka yi bana. Bayan sun wuce gari kaɗan kwalta ta lalace, ramuka suka yi yawa, direban ya yi abin da kowane direba ke yi a wurin, ya sauka gefen hanya ya bi ta kan rairayi inda tayoyi suka yi sawu. Nu'man ya zuba wa ƙasar ido ta taga. Lallausa ce, ruwan jiya ya shafe ta sumul, ba abin da ya nuna a kanta.

"Direba, don Allah koma bisa kwalta," ya ce.

"Malam, ramukan ga za su kashe min mota."

"Don Allah."

Direban ya dube shi ta madubi, ya yi tsaki, ya ci gaba da bin rairayin. Matar da ke kusa da Nu'man ta ce masa ko ba shi da lafiya ne, ga zufa tana zuba a fuskarsa. Ya ce lafiya lau. Sai da ta ce ya ɗan gyara yana danne ta, sannan ya lura ya ɗage ƙafafunsa biyu daga ƙasan motar, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirji. Ya yi ƙoƙarin sauke su ya kasa. Haka ya zauna a takure, yana salati a ransa, har motar ta sake hawa kwalta.